Taubashina Honarabul Badamasi

Duk wanda ya ce maku farin jini ne ya kai Honarabul Badamasi Lauwali majalisar jiha, ku turo mini shi layin masu kifin banda a kasuwar Bagudo, ya tambayi rumfar Sailuba, in gyara masa zance. Farin jini a ina? Mutumin da ko akuyar gidansu ba ta bin shi sai ta ga dusa a hannunsa! Bakina ne ya kai shi, wanga baki da kuke ji, kuma shi da kansa bai taɓa musun haka ba.

Taubashina ne. Innata Rakiya ƙanwar ubansa ce, ciki ɗaya. Kun san dokar abin: tsakanina da shi babu kunya, babu fushi, babu kai ƙara. In na ce masa kan tulu a gaban surukansa, sai dai ya haɗiye, ya nemo tasa ya rama. Shi yana cewa ɗan namiji ne ubangida, don haka ni baiwarsa ce. Ni kuma ina cewa bawa shi ne wanda ya girma bisa tabarmar uwar wani. Domin uwarsa ta rasu yana shekara huɗu, Inna ta je ta goyo shi ta kawo Tungar Kaiwa, ƙauyenmu na bakin iyaka, inda in ka kori kaza da ƙarfi sai ka bi ta ƙasar Binin ka kamo. Nan muka tashi tare, kullum muna rigimar wa zai ci kan kifi.

Shekara hamsin da 'yan kai ban taɓa faɗin alherinsa a gaban mutane ba, shi ma bai taɓa faɗin nawa ba. In ya yi sati bai zo rumfata mun wanke juna ba, abinci ba ya yi mini daɗi. In ka cire 'ya'yana, ba ni da abin da nake so a duniya kamar wasan nan namu, kuma shi ne siyasa ta zo ta sa wa hannu.

Bari in faro daga jarka. Firamare dai da ƙyar da jiɓin goshi ya gama ta. Aji huɗu sau biyu ya zauna shi, wai malamin ne ba ya son rabuwa da shi. Da ya tasa sai ya shiga sana'ar samarin bakin iyaka ta wancan lokaci: a ɗaure jarka shida ta fetur a babur, a bi hanyar shanu a tsallaka, a dawo da atamfa da abin da ya samu. Wata rana da hantsi ya hango mutum uku da kaki a gindin ɗorawa. Bai tsaya tambaya ba, ya karya kan babur ya faɗa tafki, shi da jarkokin da komai. Ashe masu yi wa shanu allura ne suna jiran Fulani. Su ne ma suka taimaka aka jawo shi, yana tari yana ba su haƙuri.

Amma Allah ya ba shi abu ɗaya, zan faɗa tunda ba ya kusa, in kuma kuka kai masa zan ce sharri kuka yi mini. Harshe gare shi. Hausa, Dandanci, Fulatanci, har da ɗan Faransanci na gaisuwa da roƙon arziki. In aka kama babur ɗin wani a tsallake, Badamasi ake tasowa. Sai ya je ya zauna da jandarma, wato ɗan sandan can, ya tambayi lafiyar iyali, ya yi ta tono har ya gano cewa matar jandarman jikar wata ce da ta taɓa aure a Lafagu. Kafin la'asar ga babur ya dawo. Haka 'yan kabu-kabu, masu hayar babur, suka naɗa shi shugabansu bai nema ba.

Siyasa a nan ta same shi. Ya yi aure ya zauna Matsinkai, aka ba shi shugaban jam'iyya na mazaɓa, tunda duk mai babur a yankin yana jin maganarsa. Can sai ya ce kansila yake so. Abokin takararsa wani malamin makaranta ne, mai ilimi, mai tsabta, har da alƙalami biyu a aljihu. Mutanen malamin suka nemo wani mai baki daga wani gari, suka loda masa tarihin Badamasi kaf, ya zo ya zazzage shi ranar kasuwa.

Ni ban san da wannan shiri ba, kifi na kai. Ina zaune ina korar ƙuda sai na ga an ɗora wani a kan benci, da babbar riga ta aro, hannun rigar ya rufe masa yatsu. Na duba da kyau. La'ilaha illallahu, Badamasi! Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Kai, bawan Inna! Rigar wa ka sato?"

Kasuwa ta juyo. Ya ɗaga hannu, rigar ta zazzago. "Jama'a ku yi haƙuri, baiwata ce, yau ba a auna mata hatsi ba."

"Wai kansila! Ku tambaye shi aji huɗu sau nawa ya yi! Ku tambaye shi ranar da ya faɗa tafki don ya ga masu allurar shanu!"

"Na faɗa, ban musa ba," in ji shi. "Amma jarka shida na shiga da su, shida na fito da su. Haka zan riƙe amanarku."

Wai! Mutane har da riƙe ciki. Muka yi ta yi, ina jefawa yana cafewa, har masu awo suka bar mudu suka taho kallo. Da muka gama sai ga mai bakin nan da aka ɗauko ya hau nasa benci, ya gyara murya, ya ce ko jama'a sun san wanga mutum ya taɓa faɗawa tafki. Wani tsoho mai sayar da igiya ya ce masa, "Mun ji, malam. Sailuba ta riga ka, kuma nata ya fi gishiri." Bawan Allah ya sauko, ko ruwa bai tsaya sha ba.

Badamasi ya ci kansila. Tun daga ranar bai ƙara hawa benci ko dandamali ba sai ya tabbata ina cikin taron. Dabarar ke nan, babu wata: duk abin kunyar da ke gare shi ni zan fara faɗa da dariya, shi ya amsa da dariya, in ɗan adawa ya taso sai ya tarar kasuwa ta watse. Da farko mutanensa sukan je su jiyo abin da 'yan adawa ke shirin faɗa, su kawo mini wai in haddace. Na kore su. Ni za a koya wa aibin Badamasi? Ni da na san shi tun yana fitsarin kwance?

Aka yi ta kwaikwayonsa, abin bai karɓi kowa ba. Wani ɗan takara a Lafagu ya ɗauko tasa taubashiyar, ita kuwa baiwar Allah mai sanyin hali ce, ta tashi ta ce hularsa ta karkace, ta koma ta zauna. Wani kuma ya yi hayar taubashin ƙarya, a garin da kowa ya san wa ya haifi wa. Mutumin yana fara zagi, ƙannen ɗan takarar, waɗanda ba a gaya wa shirin ba, suka rufe shi da duka.

Shekara shida ya yi yana shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma, kuma a nan ne ya fi iya aiki. Bai taɓa sa taro ranar kasuwar Tsamiya ko lokacin dashen shinkafa ba. Ya san wanda ke noma a tsallake, ya san ranar da zai dawo. In shugabannin mazaɓa biyu suka yi faɗa ba ya kiran su ofis. Sai ya ɗauki ɗaya a mota wai ya raka shi gaisuwar mutuwa, a hanya ya tsaya ya ɗauki ɗayan, ya kuma zaɓi gaisuwar da ta fi nisa. Kafin a je a dawo a kan hanyoyin nan namu, ramuka sun gwara kawunansu sau ɗari, dole su yi wa juna sannu. Ta'aziyya kuwa ba ta wuce shi. Ko jariri aka rasa a tungar da mota ba ta shiga, za ka ga Badamasi ya naɗe ƙafar wando yana ratsa ruwa.

Da aka ce ya fito majalisar jiha, babu mazaɓar da ban bi shi na zage shi ba. Ya ci, bayan shekara huɗu ya sake ci. A majalisa ban ce ya yi abin a zo a gani ba, ban kuma ce bai yi komai ba. Ya tsaya kai da fata sai da aka raba wa masu jirgin fito rigunan kariya daga nutsewa, ya samo wa mata injin gyaran shinkafa a wuri uku, biyu suna aiki har yau. Turancinsa in ya tashi magana kamar babur a cikin yashi ne, ƙara da yawa tafiya kaɗan. An taɓa ɗaukar hotonsa yana barci a zauren majalisa, baki buɗe. Na sa aka wanko mini hoton na liƙa a rumfata. Ya zo ya gani, ya ce addu'a yake yi wa jiha. Sai kuma rijiyar burtsatsen da aka yi bikin buɗewa a wata tunga ruwa bai riga ya zo ba, aka cika tankin da jarka tun da sassafe don kada baƙi su ji kunya. Ruwan ya zo bayan wata biyu, amma ni wannan rabin labarin ban taɓa faɗar shi a taro ba.

A zango na biyu ne abin ya fara canzawa, a hankali. Gida a Birnin Kebbi. Mota mai baƙin gilashi. Waya a hannun wani mai riƙe masa ita. Zuwan sati ya koma na wata, na wata ya koma sai in akwai taro. In na kira don in zage shi in ji sanyi, sai wata murya ta ce, "Honarabul yana mitin, Hajiya, wane saƙo za a ba shi?" Yo ta ina za ka ba ɗan aike zagi ya kai? Na gwada sau ɗaya, na ce a gaya masa kansa ya ƙara girma. Mutumin ya ce, "To Hajiya, za a duba."

Da damina Inna ta kwanta. Tsufa ne, babu wani ciwo mai suna. Kwana goma sha ɗaya tana kwance a Tungar Kaiwa, kullum sai ta tambaye shi. Na kira, na sake kira, mijina Malami ya kira. Aka ce yana Abuja wajen bita, aka ce ya dawo yana zaman kwamiti, aka ce gobe. Ranar Talata da hantsi ta cika. Ba a gan shi a jana'iza ba. Ranar uku sai ga direbansa da buhun shinkafa biyu, wai Honarabul yana gaisuwa, yana nan tafe. Shinkafa! A Tungar Kaiwa, inda kaji ma sun gaji da ita. Aka yi bakwai, aka yi arba'in. Mutumin da ke ratsa ruwa saboda jaririn da bai sani ba, bai zo wa matar da ta goya shi ba.

Daga baya na gane kunya ce ta riƙe shi. Da ya rasa jana'iza sai ya ji nauyin zuwa uku, da ya rasa uku sai ya ji nauyin bakwai, har abin ya yi masa tsawo ya rasa ta inda zai kamo. Amma a lokacin ban nemi ganewa ba. Na ji zafi irin wanda ban taɓa ji ba, ga kuma inda taubasantaka ta ɗaure ni: ba ni da hanyar yi masa fushi. Duk abin da ya fito daga bakina zuwa gare shi, wasa ne. Haka duniya ta san mu, haka shi ma ya sani.

Bayan wata bakwai ya tashi neman zango na uku. Aka sa taro a Bagudo, ya aiko mini da mota kamar kullum, kamar babu abin da ya faru. Malami ya ce, "Sailuba, kar ki je da wagga zuciya taki." Na ce ba komai, aikin da na saba ne. Ya fi ni gaskiya, ban dai ji ba.

Ranar ce na fara ganin shi tun rasuwar. Ya ƙara ƙiba, wuya ya yi layi uku. Na fara da barcin majalisa, aka yi dariya, ya amsa. Na kawo burtsatse, aka yi dariya, ya amsa. Da ya bar ni a nan da an tashi lafiya. Sai ya dubi jama'a ya ce, "Baiwata ta tsufa, zaginta ya ƙare. Duk wanga tsohon kaya ne. Babu sabo?"

"Akwai sabo," na ce. "Ku tambaye shi ina yake ranar da aka binne matar da ta goya shi. Kwana goma sha ɗaya tana kiran sunansa. Ku tambaye shi ko buhun shinkafa yana sallar gawa."

Filin ya yi wani iri. Na baya suka yi dariya, don sun saba in na rufe baki dariya ake yi. Na gaba, waɗanda suka ga fuskata, suka yi tsit. Shi kuwa gogan, shekara ashirin yana amsa mini a kan dandamali, bakinsa ya riga kansa.

"To ko shinkafar ce ba ta yi miki daɗi ba, a canzo wata?"

Ya faɗa, sannan ya ji abin da ya faɗa. Na ga hannunsa ya sauko da lasifikar a hankali. Ni kuwa na gyara gyalena na fice daga filin. Ban bi ta kan motarsa ba, kabu-kabu na hau.

Magana zarar bunu. Bayan kwana biyu Salamatu, maƙwabciyar rumfata, ta miƙo mini wayarta ta ce, "Ke, kin zama 'yar fim." Ga ni nan, baki buɗe, jijiyar wuya a tashe. An yanke amsoshinsa duka, an yanke dariyar mutane, an bar barci da burtsatse da Inna. An rubuta a sama wai talaka ta tona asirin ɗan majalisa. Talaka! Ni da nake da rumfa biyu! Wai har Legas an gani. Babu inda aka rubuta cewa taubashiyarsa ce. Da ma akwai manya a jam'iyyar da ke son kujerar ga wani nasu, sun rasa ta inda za su kama shi. Yau ga shi na dafa na miƙa musu har da cokali. Kwamitin tantance 'yan takara ya ce sai an zo an yi bayani.

Ran Alhamis sai ga shi a rumfata, shi kaɗai. Ya tsaya yana jiran in ce wani abu game da tumbinsa. Na sauko daga kujera na durƙusa har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, Honarabul. Sannu da zuwa. An zo lafiya?"

Ya yi dariya, ya zaci sabon salo ne. "Yau kuma baiwa ta san ubangidanta?"

"Allah ya ƙara girma, ranka ya daɗe. A kawo ruwa?"

Dariyar ta tsaya. Na ba shi kujerata, na sayo masa lemo mai sanyi, na zaɓo kifin da ya fi kowane kyau na naɗe masa a takarda. Wallahi da ruwan zafi na watsa masa da ya fi masa sauƙi. Ni ma ba daɗi nake ji ba, kuka nake yi ta ciki, amma ban bari ya gani ba.

"Sailuba," ya ce, "kwamiti na son ki taho Birnin Kebbi ran Litinin. Ki ce musu wasa ne."

"Duk yadda ka ce, ranka ya daɗe."

Ya daɗe zaune yana juya hula a hannu. Ya tashi ya tafi, kifin na nan inda na ajiye masa.

Zuwa kam zan je, don Inna ba ta goya shi don ɗiyarta ta kayar da shi ba. Amma na ƙudura a raina, in na fito daga gaban kwamitin nan, shi Honarabul ne ni mai kifi ce. Gaisuwa da durƙuso har ƙarshen rayuwa, wasa ya mutu.

Ran Litinin aka shigar da mu wani ɗaki a bene. Mutum biyar a bayan dogon tebur, ga sanyin na'ura yana neman kashe ni, ga wani ya kafa kyamara. Shugaban kwamitin dattijo ne mai farin gemu, ba mugu ba ne. Ya ce, "Hajiya, mu nan duk 'yan gida ne, mun san taubashi. Ni ma ina da tawa, ta fi ki baki. Amma waya ba ta san taubashi ba. Abin da muke so, ki dubi na'urar can ki faɗi halinsa na gari, ki kuma ce abubuwan nan uku raha ce, babu su. Sai mu saki wannan bidiyon ya bi wancan, a wuce wurin."

Na gyara zama. Abin da ban yi ba shekara hamsin, yau shi zan yi. Na ce Honarabul Badamasi mutumin kirki ne. Na ce shekarar da amai da gudawa ya shigo tungarmu, shi ya yi ta jigilar mutane a babur zuwa asibiti, kwana uku bai kwanta ba, har da ɗiyata Mashkura, wadda Allah ya raya ta hannunsa. Na ce ban taɓa jin ya ci haƙƙin maraya ba. Duk gaskiya ne, kuma ban taɓa faɗa ba sai ranar. Ina magana ina kallon tebur. Shi yana gefena a kujera, ina jin yadda yake ta gyara zama.

"Batun barci fa?" in ji dattijon.

"Ranka ya daɗe, ido kawai ya rufe."

Suka yi dariya. "Burtsatse?"

"Ruwa ya zo, har yau ana sha."

"Madalla. Saura batun gwaggonsa. Ya je ko bai je ba?"

Tun a mota na gama shirya ƙaryar. Zan ce ya zo da sassafe kafin mutane su taru, ya yi addu'a ya koma bakin aiki. Na nemi gafarar Allah, na nemi ta Inna, na dubi kyamara.

"Ranka ya daɗe, Honarabul ya..."

"Ban je ba."

Kowa ya juya. Dattijon ya ce, "Honarabul, ba kai aka tambaya ba."

"Na sani. Ban je jana'iza ba, ban je uku ba, ban je arba'in ba. Shinkafa na aika. Da ta faɗa mini a gaban jama'a kuma, na mayar mata da raha." Sai ya juyo gare ni, idonsa jawur. "Ke kuma ki daina ce mini ranka ya daɗe. Wallahi in na ƙara ji sau ɗaya zuciyata bugawa za ta yi. Wagga mata ta zage ni a kowace kasuwa ta ƙasar nan, amma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Ba za ta fara yau saboda kujera ba."

Mai kyamara bai kashe ba. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin tuni ya sa waya ƙarƙashin tebur yana dannawa. Dattijon ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya ce, "To. Allah ya sa haka ya fi alheri." Ba a faɗa mana komai a ɗakin ba, amma kowa ya san an gama. Kafin sati ya zagayo aka ce an yi maslaha, tikiti ya tafi ga wancan na manya. Yanzu Badamasi yana nan Bagudo, dattijon jam'iyya ne, shi ake kira in 'yan takara sun kama wuyan juna. Majalisa dai a ɗakin nan ta ƙare masa, ran Litinin, ko azahar ba a yi ba.

Da mota uku aka rako shi wurin kwamitin. Kafin mu sauko daga benen saura tasa, sai direba. Ya buɗe mini baya na shiga, shi ya zauna gaba. Muka kama hanya har muka wuce Kalgo. Ni dai ina ta cika ina batsewa, har abin ya fi ƙarfina.

"Wawa! Sakarai! Na rufe rumfa ranar ciniki, na ɗaura atamfar da nake ajiya don bikin jikata, na zauna na ƙera ƙarya mai kyau, ƙarya mai ƙafa huɗu, ka zo ka shure ta! Wa ya tambaye ka? Tun kana yaro haka kake, ana rufa maka asiri kana yaye zane. Yanzu mi za ka koma yi? Da wanga tumbi babur ɗin wa zai ɗauke ka?"

Direba ya ƙanƙame sitiyari yana kallon hanya. Badamasi ya jingina kai, ya rufe ido.

"Ƙara," ya ce. "Don Allah ƙara."

Na ƙara. Na bi shi tun daga hula har takalmi, na dawo na sake bi. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa zagin shi bai rama ba sai ranar. Da na gaji, muka yi tafiya mai nisa, gonaki suna wucewa. Can sai ya yi magana, bai juyo ba.

"Sailuba. Da take nemana, mi ta ce?"

Na so in ce na manta. Amma mutumin da ya ba da kujera yanzun nan don kada in yi ƙarya, da wane baki zan yi masa ita?

"Ba ta yi fushi ba," na ce. "Kullum in an kawo mata abinci sai ta ce a rage maka, kana bisa hanya. Ranar ƙarshe ma sai da ta sa na rufe maka naka da faifai."

Ya ce wa direba ya tsaya. Ya fita, ya ratsa cikin gonar wani har ya yi nisa, ya tsaya ya ba mu baya, babbar rigarsa tana jan ƙasa, kafaɗunsa suna rawa. Direba ya dube ni, ko ya bi shi. Na ce ya kashe mota, mu jira.